Tambaya da Amsa: Yadda Ake Mayar da Buhun Ashasha Ribon na Ado

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun taru a kan abu guda, wato ashasha da yadda ake yanka ta ziri-ziri a yi adon biki da ita, saboda haka muka ware filin gaba ɗaya domin amsa su.

Tambaya: Ina gaishe ku da aiki. Ƙanwata da ke aure a Amurka ta aiko mini da hotunan adon da ta yi wa gidanta na Kirsimeti, na ga ta naɗe bishiya da ƙofa da wani ribon mai kama da buhun gyaɗa na da, kuma ya yi kyau ƙwarai. Na samo buhu na yanka da almakashi, amma kafin in gama ɗauri ɗaya sai zaren ya dinga zarewa, abin ya koma tsumma a hannuna. Ina kuskurena yake? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika gani a hoton ashasha ce ba wani abu ba, irin wadda iyayenmu suka sani a buhunan gyaɗa da na auduga. A Amurka ana sayar da ita a naɗe a shagunan kayan aikin hannu, an riga an yanka ta an ɗaure mata baki, kuma kasuwarta tana tashi ne daga watan Nuwamba, lokacin bikin godiya da suke yi a Alhamis ta huɗu ta watan, har zuwa Kirsimeti. Suna son ta ne domin tana ba ɗaki kamannin gidan gona, salon da mutanen birni a can suke sha'awa. Sai dai wadda ake sayarwa a naɗe tana da tsada idan aka kwatanta da yadin da ba a yanka ba, shi ya sa mata da yawa a can ma suke sayen yadi su yanka da kansu, kuma matsalar da ta same ki ita ce ta farko da kowace mai koyo take haɗuwa da ita.

Kuskurenki bai wuce guda ba: kin bi idonki wajen yanka, ba ki bi zaren ba. Saƙar ashasha sakakkiya ce, zaren tsaye da zaren kwance suna bi ta kan juna ne kawai ba tare da sun matse ba, kuma zaren yana da kauri. Idan almakashi ya karkace ko da kaɗan, zai datse zaren tsaye a wurare da dama, kowane guntu kuma ba shi da abin da zai riƙe shi, sai ya zame ya faɗi ya ja na kusa da shi. Maganin wannan shi ne ki sa saƙar da kanta ta nuna miki hanya. Ki shimfiɗa yadin a kan tebur ko tabarma, ki auna faɗin da kike so daga gefe, ki ɗan tsaga bakin yadin da almakashi a wurin, sannan ki kama zare guda ɗaya tak da ke bin tsawon yadin ki fara jan sa a hankali. Yadin zai tattare kamar bakin wando mai zariya, sai ki dinga miƙar da tattarar da ɗaya hannun kina ci gaba da ja har zaren ya fita ɗungurungum. Idan ya tsinke a tsakiya, wanda yakan faru, ki nemo bakinsa da tsinken allura ki ci gaba daga inda ya tsaya. Wurin da zaren ya fita zai bar wata 'yar hanya miƙaƙƙiya da ido yake gani sarai, kuma a cikin wannan hanya kaɗai almakashi zai bi.

Amma kada ki yanka tukuna, domin a nan ne mafi yawan masu koyo suke yin gaggawa su ɓata aikin da suka fara da kyau. Bakin ribon ana ɗaure shi ne kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Ki fara zare dukkan hanyoyin da kike buƙata a faɗin yadin, sannan ki shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa, ki dama farin gam irin wanda kafintoci suke amfani da shi, cokali biyu na gam da cokali ɗaya na ruwa, ki ɗauki ƙaramin buroshi ki bi gefe biyu na kowace hanya, kina jiƙa zare biyu ko uku ta kowane ɓangare. Farin gam yana bushewa ne garau ba ya barin launi, saboda haka kada farinsa ya tsorata ki lokacin da yake ɗanye. Ki bar shi ya bushe sarai, a lokacin hunturu awa ɗaya ko biyu sun isa, da damina kuwa gara ya kwana. Bayan nan idan kika yanka za ki ji bakin ya yi ɗan tauri, kuma ko kin ja shi da yatsa zaren ba zai biyo ki ba.

Idan kina da keken ɗinki mai yin ɗinkin zigizag, ya fi gam ƙarko, kuma ribon ɗin ya fi laushi a hannu. Ƙa'idar dai ba ta canzawa: ki bi gefe biyu na hanyar da ɗinki tun yadin yana ɗaya, sannan ki yanka a tsakani. Zare mai ruwan ƙasa zai ɓace a cikin saƙar, ja ko kore kuwa zai fito ya zama ado da kansa. Ki tuna ki share cikin keken bayan kin gama, domin ashasha tana zubar da gashi mai yawa da yake taruwa a ƙarƙashin allura. Wadda ba ta da keke tana iya kai wa tela ya bi mata da injin da suke kama bakin ƙyalle da shi. Akwai kuma masu son bakin ya yi geza da gangan, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da ribon mai faɗi: sai a yi ɗinkin rabin inci daga baki, a zare zaren da ke waje da ɗinkin, gezar ta tsaya daidai inda aka ce ta tsaya.

Game da awo, inci 2 da rabi shi ne faɗin da ya fi amfani wajen ɗauri da naɗe kyauta, inci 4 zuwa 6 kuma na naɗe bishiya ne da zoben ganyen da ake ratayewa a ƙofa. Abin da bai kai inci ɗaya da rabi ba ina ba ki shawara ki bar shi, domin zaren tsayen da zai rage a ciki bai isa ya riƙe kansa ba. Yadin ashasha yakan zo da faɗin inci 40, to idan kika sayi yadi 3 kika yanka shi ta tsawo a kan inci 2 da rabi, za ki samu kusan ziri 16, kowanne mai tsawon yadi 3, wato abin da ya tasam ma yadi 48 na ribon. Ki yanka ta tsawo, kada ki yanka ta faɗi, domin ki samu dogon ziri marar mahaɗi, kuma ziri biyu na gefe za su zo miki da baki ɗaya da masaƙa ta riga ta kama.

Saura abu ɗaya da hoton ba zai nuna miki ba. Ɗaurin da kika gani ya tsaya cak da kunnuwansa a buɗe kamar fukafukan malam-buɗe-littafi, akwai siririyar waya a cikin bakinsa. Za ki iya yin haka a gida: ki samo waya mai laushi wadda yatsa yake lanƙwasawa, ki dinga cusa ta sama da ƙasa a cikin ramukan saƙar, zare uku daga baki, kamar mai yin ɗinkin hannu da basilla, har ki kai ƙarshen zirin, sannan ki lanƙwashe bakin wayar ciki domin kada ta soki mai taɓawa. Aikin yana cin lokaci, don haka ki yi shi a kan zirin da za ki yi ɗauri da shi kawai.

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne, kuma maiɗakina ce ta ce in tambaya. Ina da tsofaffin buhunan ashasha a shago, amma suna da wani wari kamar na kananzir. Za a iya wanke su a yi ado da su a cikin ɗaki? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Alhaji, warin da kake ji ba daga shagonka ya samo asali ba, daga masaƙa ya taho, kuma yana da tarihi. Ashasha ana yin ta ne da ɓawon wani tsiro da ake nomawa da yawa a Bangaladash da jihar Bengal ta Yamma a Indiya, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne ɗaya daga cikin irinsa biyu da ake nomawa shi ne lalo, wanda muke miya da ganyensa. A can suna shuka shi a matse domin ya yi tsawo ya wuce mutum ba tare da ya yi rassa ba, su yanke, su jiƙa karan a ruwa na wasu makonni har ya ruɓe, sannan su saɓule zaren, kamar dai yadda ake yi wa rama a ƙauyukanmu idan za a tufka igiya. Zaren yana da tauri da karyewa, kuma injin bai iya kaɗa shi ba sai da masu masaƙu a birnin Dandi na Sikotilan suka gano, a shekarun 1830, cewa idan aka jiƙa shi da man kifin whale, wato ƙatuwar dabbar nan ta teku, da ruwa yana laushi. Daga baya masaƙu suka koma kusa da gonakin, inda aka kafa ta farko a Indiya a shekarar 1855 a kusa da Kalkata, man kifi kuma aka maye gurbinsa da wani mai da ake samu daga ɗanyen man fetur. Shi ne kake shaƙa. Buhunan da ake yi musamman domin koko da gahawa yanzu ana amfani da man tsirrai ne a kansu, shi ya sa warinsu bai kai na sauran ba.

Wari yana raguwa idan aka shanya buhun a inuwa inda iska take kaɗawa na kwana uku zuwa mako guda. Idan za a wanke, a kwance ɗinkin buhun, a kakkaɓe shi sosai a waje, a jiƙa shi a ruwan sanyi da ɗan sabulu na rabin awa, a dinga danna shi da tafin hannu ba tare da cuɗawa ko murɗewa ba, domin zaren yana rauni idan ya jiƙe. A ɗauraye, a shanya a miƙe, a goge da dutsen guga tun yana da sauran danshi. Kada a sa shi a injin wanki, kada kuma a zuba masa ruwan bilic da nufin ya yi fari, domin yana cinye zaren. Wanki yana sa ashasha ta ɗan tsuke, saboda haka a wanke kafin a auna a yanka.

Amma abin da ya fi wari muhimmanci, kuma kai ka fi ni sanin sa, shi ne abin da buhun ya taɓa ɗauka. Duk buhun da aka zuba wa wake ko masara aka sa maganin ƙwari, ko wanda ya ɗauki taki, ko wanda ya taɓa jiƙewa ya yi baƙin tabo na fumfuna, kada ya shiga ɗakin da yara suke kwana, balle a shimfiɗa shi a teburin abinci, ko da an wanke shi. Wanda ba ka san tarihinsa ba ka bar shi a shago, ka saya wa maiɗakinka sabo. Kuma lokacin da take yanka, ta zauna a tsakar gida ta rufe hanci da ƙyalle, musamman idan akwai mai asma a gidan, domin ƙurar gashin tana shaƙe maƙogwaro.

Ga sauran masu karatu da ba su da gogewar Alhaji, akwai buhunan roba da aka yi musu launin ashasha. Idan kuna shakka, ku zare zare ɗaya ku kusantar da shi ga ashana: na gaske zai ci wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi, na roba kuwa zai narke ya dunƙule.

Tambaya: Ashasha tana karɓar rini? Ina son ja da shuɗi. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Tana karɓa, ƙanwata, amma ki sa a ranki cewa a kan ruwan ƙasa kike rini ba a kan fari ba, don haka kowane launi zai fito a dushe, ya fi wanda yake jikin kwalin duhu. Ja zai karkata zuwa launin jan bulo, shuɗi kuma zai ɗan yi duhun kore. Garin rinin da ake sayarwa domin auduga yana kama ta. Cikin na gargajiya, karan dafi da ake rina fata da kaba da shi yana ba da ja mai zurfi, ganyen shayi da ɓawon albasa suna ƙara mata duhun ruwan ƙasa, gangamau yana ba da rawaya mai kyau amma rana tana kashe shi da wuri, zoborodo ma haka yake, ba ya daɗewa. Idan shuɗin baba kike so, marina irin ta Ƙofar Mata a Kano sun fi kowa sanin aikinsu, sai dai ki kai ƙaramin yanki a fara gwadawa, domin ruwan baba yana da toka, kuma yawan jiƙa ashasha a ruwan toka yana sa ta yi kaushi. Ki rina yadin yana ɗaya, ya bushe, sannan ki zare hanya ki sa gam, domin rini ba ya shiga inda gam ya riga ya kama.

Tambaya: Sana'ata ƙawata wurin biki. Na yi sha'awar sa ashasha a adon kamu da na walima, amma wata uwar amarya ta ce mini ba za a yi wa 'yarta ado da buhu ba, sai ka ce ba su da hali. Shin abin ya dace da mu kuwa, ko na Turawa ne kawai? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, maganar uwar amaryar nan tana da tushe, kuma bai kamata a yi mata kallon wadda ba ta waye ba. Ba'amurke yana ganin ashasha ne ya tuna gidan gonar kakanninsa da ya rabu da shi tun tuni, saboda haka a wurinsa abin marmari ce. A wurin wanda ya tashi yana ganin ta a bayan ɗan dako da kan jaki, ko an rufe randa da ita an yayyafa ruwa domin ya yi sanyi, kayan aiki ce, kuma ba laifi ba ne idan bai so ta a ranar da yake son nuna wa dangi cewa ya fitar da 'yarsa kunya. Idan mai biki ta ce ba ta so, ki bar ta, bikinta ne.

Duk da haka ban yarda cewa abin na Turawa ne kawai ba, domin muna da namu tarihin da ita. Dalar gyaɗar Kano, wadda ta fara tashi bayan jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911 kuma sunan Alhasan Ɗantata ya shahara da ita, da buhunan ashasha aka gina ta, kimanin buhu 15,000 a dala guda, kuma har yau manoman koko a Gana a cikinta suke ɗure amfaninsu. Abin da ya rage shi ne a san da me za a haɗa ta. Inda na ga ta fi kyau shi ne inda aka sa ta tare da 'yan'uwanta: faifai, ƙwarya mai zane, tukunyar ƙasa, kwandon kaba, zangarniyar gero ko ta dawa a cikin tulu, da farin saƙi. Ziri mai inci 4 da aka ɗora masa siririn farin leshi a tsakiya yana yi wa kujera kyau, wanda aka rina ja kuma yana dacewa da ɗaure bakin kwandon dabino ko na cincin da ake aika wa maƙwabta da Sallah. Inda take muni shi ne idan aka cusa ta a tsakiyar kayan ƙyalƙyali da balan-balan, domin a nan ne take komawa buhu a idon kowa. Ki fara da kaɗan, a teburin kyauta ko a ƙofar shiga, ki ɗauki hoto ki dinga nuna wa masu zuwa su zaɓa da idonsu, domin kalmar buhu tana korar mutum tun kafin ya ga abin.

Tambaya: Muna ƙawata majami'armu kowace shekara. Idan mun yi wannan ribon, zai kai wata shekarar? Daga wani mai karatu a Kafanchan.

Amsa: Zai kai, ɗan'uwa, har ya wuce, idan an kiyaye shi daga wuta da rana da danshi. Na fara da wuta domin ita ce ta fi damuna: ashasha busasshen tsiro ce mai gashi, da ɗan mai a jikinta, kuma tana kamawa nan take. Kada ku naɗe ta a jikin kyandir, kada ku rataye ta a saman fitilar kananzir ko kusa da ƙwan lantarki mai zafi, kuma idan za ku haɗa ta da ƙananan fitilun ado, ku zaɓi irin waɗanda ba sa ɗumi, ku duba wayarsu ba ta da inda ta saɓule. Rana kuwa tana canza mata launi, ta sa zaren ya yi rauni, saboda haka wanda aka rataye a waje a sauke shi da zarar biki ya wuce.

Wajen ajiya, ku kwance ɗaurin, ku kakkaɓe ƙura, ku naɗe kowane ziri a jikin guntun kara ko kwali maimakon ninkewa, domin ninki yana barin karaya da guga ba ta cika fitarwa ba, musamman a bakin da aka sa wa gam. Ku zuba su a kwali ko jakar auduga, ba a leda ba, domin leda tana tara gumi da damina, fumfuna kuma ta kama. Ku ɗora kwalin a kan kanta nesa da ƙasa da bango saboda gara, sannan a tsakiyar watan Agusta, ranar da aka samu rana ta fito, wani ya buɗe ya shanya su a inuwa na 'yan awoyi kafin a mayar.